Mun Gani, Mun Faɗa

Tun kafin kowa ya tara mu a ɗakin taro ya koya mana alamun hatsari, mutanen 'Yargoje da ƙauyukan da ke kewaye da ita sun riga sun haddace su. Idan baƙuwar fuska ta saye burodin mai shayi kaf ba ta nemi ragi ba, an san ba gidan suna za a kai shi ba. Idan yaro ya zo wurin mai caji da wayoyi cike da leda, ko aka ga jarkokin fetur suna bin hanyar da babu injin niƙa ko na ban-ruwa a kanta, an san inda suka dosa. Matan da ke zuwa itace su ne kan fara ganin sawun tayoyin babura a bakin rafi. Makiyayan da muka saba da su kuwa, in aka wayi gari sun kwashe bukkokinsu ba sallama, ranar ba mai barin akuyarsa ta kwana a waje. Ba a aji muka koyi wannan ba. Zama ne ya koya mana, zaman shekara da shekaru a gefen dajin da ya haɗe Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya miƙe har cikin Zamfara da Birnin Gwari.

Ni malamin firamare ne. Aji huɗu nake riƙewa a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka, a can kuma nake zaune da iyalina. Ka yi mini uzuri, ba zan ambaci sunan ƙauyen ba. Makarantarmu ba ta da katanga. Azuzuwa ne a jere, da darbejiya a tsakar fili, da tsohon wilin mota da aka rataye a reshenta muke bugawa a madadin ƙararrawa. Bayan aji na ƙarshe gonakin dawa ne, bayan gonakin kuma daji. Mun daɗe ba mu kawo wa ranmu cewa makaranta wuri ne da za a kai wa hari ba. Da farko shanu ake korawa, daga baya aka koma ɗaukar masu hali, sannan aka koma ɗaukar duk wanda aka samu. Amma yara a makaranta, wannan a wurinmu labarin Chibok ne da Dapchi, wanda muke ji a rediyo mu yi jaje daga nesa.

Ranar Juma'a da dare, 11 ga Disamba 2020, nisan ya ƙare. Da asubar Asabar maƙwabcina ya buga mini ƙofa. Ɗansa yana Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Hannunsa karkarwa yake yi, ba zai iya riƙe kan babur ba, sai na goya shi. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe hanya, sanyi yana tsaga yatsu, shi kuma yana bayana yana ta salati har muka isa. A bakin ƙofar makarantar iyaye sun yi cincirindo, mata zazzaune a ƙasa, mayafansu sun yi fari da ƙura. Jifa-jifa sai ka ga yaro ya ɓullo daga daji, ba takalmi, ƙaya ta yayyage masa ƙafa, sai jama'a su yi kansa gaba ɗaya, kowa yana jefa masa sunan nasa ɗan: ka gan shi? Tare kuka gudu? Ɗakinku ɗaya?

Tambayar da ba mai iya amsawa a ranar ita ce: su nawa aka tafi da su? Wasu yaran sun haura katanga sun kwana a daji, wasu sun miƙe zuwa garuruwansu ba wanda ya sani, wasu suna hannun ɓarayin. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce ɗalibai 839 ne a makarantar, kuma 333 ne ba a gani ba. Da aka sako su ranar 17 ga wata ta wajen Tsafe, sai aka ƙirga 344. A tsakanin nan uba bai san ko ya zauna ya jira labari daga hukuma ba, ko ya shiga daji neman yaron da ya ɓace wa hanya. Ɗan maƙwabcina yana cikin waɗanda suka dawo. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya daɗe bai iya kwana shi kaɗai a ɗaki ba.

Daga nan abin ya bazu. Kagara a Fabrairun 2021, Jangebe a ƙarshen watan, inda aka kwashe 'yan mata 279, Tegina a watan Mayu, Birnin Yauri a watan Yuni. A cikin daminar nan ne takarda ta zo cewa kowace makaranta ta turo malami zuwa taron bita a kan tsaron makarantu. Hedimasta ya ce ni zan je.

Ina tuna ɗakin taron: ƙarar janareta a bayan taga, fanka tana juya iska mai zafi, majigi yana haska farin bango, mu kuma malaman ƙauye daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume muna zaune da sababbin littattafan rubutu a kan cinya. Mutum biyu ne suka koyar da mu. Na farko tsohon jami'in tsaro ne, dogo, mai furfura a gefen kai, Hausarsa ta bariki. Ya fara da tarihi: yadda aka kafa shirin kare makarantu a 2014 bayan sace 'yan matan Chibok 276, da yadda ƙasashe suka haɗu a Oslo a 2015 suka yi alkawarin kare makarantu a lokacin rikici, Nijeriya a cikinsu. Sannan ya shiga abin da ya sani da gaske, a nan kuma na ƙaru. Ya ce hari ba ya faɗowa daga sama, sai an yi masa leƙen asiri. Wani zai zo a siffar mai neman ruwan sha ko mai sayen kaji, ya tambayi yaro ƙarfe nawa ake tashi, malamai nawa ke kwana a gari, maigadi yana da bindiga ko sanda ce kawai, ɗan wane Alhaji yana wane aji. Mu mun san alamun daji, amma ba mu taɓa tunanin mu riƙa tambayar yara wa ya tsayar da su a hanya, me kuma ya tambaye su ba.

Ya koya mana yadda ake kai rahoto. Ka faɗi rana da lokaci, ka faɗi abin da idonka ya gani, babura nawa, mutum nawa a kan kowane, daga ina suka fito, ina suka fuskanta. Ka raba abin da ka gani da abin da aka ce maka. Kada ka fara zubawa a Facebook ko WhatsApp. Ya kuma nanata wata magana har sau da yawa: aikin mutum za ka kai rahoto, ba fuskarsa ko yarensa ba. Ya ce a birnin New York na Amurka, bayan harin 11 ga Satumba 2001, an lilliƙa wa fasinjojin jirgin ƙasa sanarwa cewa duk wanda ya ga wani abu ya faɗa, kuma daga can wannan kira ya yaɗu a duniya. Ya rubuta lambobin waya a allo, har da 112, muka kwafa a tsanake.

Sai wani dattijon hedimasta daga ɓangaren Faskari ya ɗaga hannu. Daga baya na ji cewa yana da 'yan'uwa cikin gomman mutanen da aka kashe a Kadisau ranar 9 ga Yuni 2020. Ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa.

"Ranka ya daɗe, bayani ya yi, Allah ya saka da alheri. Amma mu gani bai taɓa yi mana wuya ba. A wajenmu ko yaron goye ya san kukan baburansu. Abin da nake so ka gaya mini, in na faɗa da la'asar, wa zai kwana a ƙofar gidana da dare?"

Ɗakin ya yi tsit, sai janareta. Kowa a wurin ya san abin da yake nufi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma infoma ba shi da alama a goshi: yana iya zama mai faci, yana iya zama wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, yana iya zama wanda aka ɗauke ɗansa aka ce ya riƙa kawo labari in yana son yaron ya rayu. A shekarar 2021 ɗin ma Masarautar Katsina ta sauke wani hakimi a yankinmu bisa zargin hulɗa da 'yan bindiga. Ko zargin gaskiya ne ko a'a, talaka ya riga ya ji, kuma ya riga ya tambayi kansa wa ya rage da zai kai wa magana.

Jami'in bai yi mana kwana-kwana ba, shi ya sa har yau nake ganin girmansa. Ya ce, "Baba, gaskiya ka faɗa, kuma ba ni da sojan da zan ba ka." Ya ce abin da zai iya ba mu shawara kawai shi ne kowace makaranta ta zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa kai rahoto, ga jami'i ɗaya da aka yarda da shi, ba a kasuwa ba, ba a gaban jama'a ba, kuma kada a yi ta maganar a majalisa bayan an kai. Dattijon ya ce ya gode, ya zauna. Amsar ba ta kai tambayar ba, dukkansu biyu kuma sun sani.

Ta biyun wata matashiyar Malama ce, mai sanyin murya, sai an kasa kunne ake jin ta. Ita ba ta yi maganar bindiga ba ko sau ɗaya. Ta tambaye mu, "Malamai, wa zai iya kawo mini sunayen yaran da suka zo ajinsa jiya, da lambar wanda za a kira a kan kowane yaro, ba tare da ya koma makaranta ba?" Ba wanda ya ɗaga hannu. Ta ce kowane malami ya yi kwafin rajistarsa ya ajiye a gida, ya rubuta sunan uba da unguwa da lambar waya, ya kuma rubuta a gefen kowane suna ko yaron yana da wa ko ƙane a wani aji. Ta ce a samu bugun ƙararrawa na musamman wanda ba ya kama da na tara ko na tashi. A samu hanyar gudu biyu, don ba a san ta inda za a ɓullo ba. A samu wurin haɗuwa a wajen gari. Ta nuna mana yadda ake danne rauni da tsumma mai tsabta a ɗaure don tsayar da jini. Ta ce a gwada duk wannan da yara kowane zango, har ƙafarsu ta san hanya ko da kansu ya ruɗe.

Zan gaya maka gaskiya, a ranar ban gane nauyin maganarta ba. Hankalina yana kan tambayar dattijon. Na ce a raina wannan tsarin makarantun birni ne masu katanga da motar ɗaukar yara. Me takarda za ta yi a gaban mai AK-47? Ni da na tsaya a ƙofar makarantar Ƙanƙara na ga iyaye suna neman wanda zai gaya musu ko ɗansu yana cikin lissafi, ban haɗa wancan da wannan ba.

Ba a jima ba gwamnatin jiha ta fito da dokokin matsi a ƙarshen Agusta: aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka hana sayar da fetur a jarka da ɗaukar mutum uku a babur. A watan Satumba kuma aka yanke sabis na waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Na fahimci dalili. Da waya ake cinikin kuɗin fansa, da ita infoma ke aika saƙo. Amma wayar da aka kashe a hannun ɓarawo an kashe ta a hannuna ni ma. Lambobin da na kwafa suna nan a littafi, babu ta inda za a kira su. Watanni muka yi a haka. Wanda ke da larura sai ya yi doguwar tafiya, wasu har iyakar Kano, kafin ya samu ya yi magana. In an kai hari a ƙauyen da ke kusa, sai mai babur ya iso ko hayaƙi ya tashi muke sani. A cikin wannan shiru ne, a watan Oktoba, Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya a kan kare makarantu. A rediyo muka ji.

Da rabin abin da aka koya mana ya zama ba shi da amfani, sai hedimasta ya ce mu kama rabin da ke hannunmu. Muka yi kwafin rajista. Muka zaɓi wani kwari a bayan gonaki, inda itatuwa suka yi duhu kuma babur ba ya iya sauka, ya zama wurin haɗuwa. Gwajin farko ya rikice. 'Yan aji shida dariya suke yi, 'yan aji ɗaya suka fashe da kuka suka ƙanƙame malamarsu, wata uwa da ta ji baƙon bugun ƙarfe ta fito a guje ba ɗankwali tana kiran sunan 'yarta. Da yamma iyaye suka je wurin mai unguwa. Wasu suka ce muna tsorata yara, wani dattijo ya ce muna yi wa gari mugun fata. Sai da liman ya sa baki bayan sallar Juma'a, ya ce tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba, sannan aka bar mu.

Dokokin da muka ba yaran ba su da yawa. Kada ka yi ihu. Kada ka koma ɗaukar takalmi ko jaka. Kama hannun ƙanenka, in ba ka da ƙane kama na ɗan aji ɗaya da aka haɗa ka da shi. Kada ka bi titi, kada ka bi hanyar da babur zai iya bi. In ka ji harbi kusa, ka kwanta a tsakanin kunya, fuska a ƙasa. In ka isa kwari, ka zauna ka jira a kira sunanka. Zango bayan zango muna yi, har ya zamana yaran ba sa dariya kuma ba sa kuka, yi kawai suke yi.

Da sabis ya dawo, kai rahoto ya dawo da nasa nauyin. Maigadinmu, tsoho ne mai jiran makaranta da sanda da tocila, ya ga wasu mutane sun yi kwanaki suna tsayawa da babur a bakin gona daidai lokacin tashi. Ya kai magana inda ya kamata. Bayan 'yan kwanaki wayarsa ta yi ƙara da dare, baƙuwar lamba. Aka kira shi da sunansa, aka maimaita masa abin da ya faɗa, aka tambaye shi lafiyar jikokinsa. Da safe ya same ni a gindin darbejiya, leɓɓansa sun bushe, ya ce, "Malam, ni dai na yi abin da kuka ce." Ban sami abin da zan ce masa ba. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ba mu cika son maganarsa ba. Ina da wani ɗalibi Bafulatani, yaro mai kaifin lissafi, mahaifiyarsa ce ke kawo mana nono tun kafin a haife shi. Da tsoro ya yi yawa sai ya zamana duk abin da gidansu suka yi abin zargi ne: in sun sayi gishiri da yawa a ce na daji ne, in ba a taɓa shanunsu ba a ce ai da dalili. Ɓarayi suna karɓar nasu harajin a wurinsu, gari kuma yana hararar su. Wata safiya kujerarsa ta zama babu kowa, rugarsu ta tashi. Ba ni da shaidar sun taɓa cutar da kowa, kuma ban ji wanda ya kawo ba. A lokacin ne na gane dalilin da ya sa jami'in nan ya yi ta nanata cewa aiki ake kai rahoto ba fuska ba. Inda jama'a suka firgita, kiran a faɗi abin da aka gani yana iya zama wuƙa a hannun mai tsohuwar gaba.

Abubuwa sun ɗan sauya daga baya. Kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya yaye rukunin farko na jami'an tsaron al'umma na jiha, kusan mutum 1,500, matasa daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. Wannan ya taɓa mu kai tsaye, domin a karon farko wanda za ka kai wa magana yaro ne da ka san gidansu, wanda uwarsa ke kwana a garin da kake kwana.

Ranar Lahadi, 9 ga Yuni 2024, saura mako guda Babbar Sallah. Raguna suna ɗaure a ƙofar gidaje. Ruwa ya sauka, an yi shuka, dawa ba ta wuce taƙi ba, ba ta isa ɓoye ko kaza ba. Babu makaranta. Duk gwajin da muka yi, mun yi shi ne da tunanin za a zo mana muna aji. Ban taɓa kawo cewa ranar da za a buƙace shi yaran suna gidajen iyayensu ba.

Bayan azahar waya ta fara ƙara. 'Yan bindiga sun shigo Gidan Tofa. Sun shigo Ɗan Nakwabo. Suna da yawa. Duk mai lamba ya kira, ni ma na kira, na faɗi abin da na sani a jere yadda aka koya mini, na ware abin da aka ce mini daga abin da na ji da kunnena. Wanda ya ɗauka ya ce an taso. Kuma gaskiya ya faɗa, an taso ɗin. Sai daga baya muka ji daga bakin rundunar 'yan sanda cewa an yi wa motar sulken da ta taso kwanton ɓauna a Kurmeji, aka kashe 'yan sanda 4 da jami'an tsaron al'umma 2. Shekaru ina riƙe da haushin cewa muna faɗa ba a zuwa. A ranar mun faɗa, an zo, waɗanda suka zo kuma sun mutu a hanya saboda kiranmu. Har yau ban san inda zan ajiye wannan a zuciyata ba.

Bayan magariba ƙarar ta matso. Kukan babura da farko, da yawa, a haɗe. Sai harbi. Jinjirin wata ya riga ya faɗi, gari ya yi baƙi ƙirin. Uwargidana ta goya jaririya, ni na tsaya a tsakar gida ina lalube, ban san me nake nema ba. 'Yata, wadda take aji uku a lokacin, ta riga ta kama hannun ƙanenta. Da na nufi ƙofar zaure sai ta ja mini riga.

"Baba, ba ta titi ba."

Muka haura ta baya. Ƙasa jiƙe take, tana kama ƙafa. Harbi ya tashi kusa, muka zube a tsakanin kunya. Ina jin ƙamshin danyar ƙasa a hancina, cinnaka suna bin wuyana, ban iya motsi ba. Jaririya ta fara ƙananan kuka, uwarta ta juyo da ita ta sa mata nono, ina jin yadda jikinta ke rawa. Fitilar babur ta share gonar, ta wuce. Wani yana kiran sunan wani a cikin gari, yana ta kira, sannan ya daina.

Da muka rarrafa muka kai kwarin, na ɗauka mu kaɗai ne. Sai na ji raɗa daga cikin duhu: "Malam, ga mu nan." Wata muryar ta sake cewa, "Malam." Yarana ne. Sun zo, kuma ba su kaɗai suka zo ba. Wannan ya jawo kakarsa makauniya, wannan ta jawo uwarta da kishiyar uwarta, wani ɗan aji biyar ya goyo ɗan maƙwabta da ya tsinta yana kuka a lungu. Manya da ba su taɓa halartar gwaji ko ɗaya ba, har da wasu da suka kai ƙararmu wurin mai unguwa, yara ne suka nuna musu hanya. Muka kwana a nan, sauro yana cin mu, ba mai tari sai ya toshe baki da riga, muna kallon jan haske a saman wasu rufuna.

Da gari ya waye na koma gida na zaro kwafin rajista daga cikin ledar da nake ajiye shi. Sauran malamai suka kawo nasu. A bakin kwarin muka tsaya muna kiran suna kamar safiyar Litinin ta kullum, yara suna amsawa, "Na'am, Malam." In aka kira ba a amsa ba, sai mu duba gefen sunan, mu nemi wa ko ƙanwa mu tambaya. Wannan ta bi gwaggonta zuwa wani ƙauye. Wannan yana gona da babansa tun jiya, a kira lambar. Kafin azahar mun san inda kusan kowane yaro yake, mun kuma san waɗanda ba gudu suka yi ba, tafiya aka yi da su, aka ba jami'an da suka iso sunayensu da shekarunsu da sunayen iyayensu. A waje kuwa lissafi ya sake rabuwa: 'yan sanda suka ce mutum 20 aka kashe a ƙauyukan, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito mazauna yankin suna cewa aƙalla 50 ne, ban da mata da yaran da aka sace.

Akwai suna ɗaya a ajina da na kira ba a amsa ba, yarinya ce mai zama a layin gaba. Uwarta tana tsaye a gabana, ta san ba ta nan, da idonta ta ga an ɗora ta a babur. Duk da haka da na wuce zuwa suna na gaba sai ta ce, "Malam, don Allah ka sake kira." Na sake kira. Muka tsaya muna jira, ni da ita da sauran yaran, har hedimasta ya zo ya dafa kafaɗata.

An yi sallar layya a garin ba tare da kiɗa ko yawon sallah ba. Yarinyar ta dawo bayan ubanta ya sayar da gonarsa da shukar da ke cikinta, amma ba ta dawo ajina ba, domin sun tashi sun koma Funtuwa. Gidaje da yawa sun bi sahu, wasu cikin Ƙanƙara, wasu Malumfashi, wasu ba mu san inda suka faɗa ba sai bayan watanni. A 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da Faskari, kuma wasu sun dawo sun ci gaba da noma. Mu dai ba mu daina gwaji ba, yanzu ma har da iyaye mata muke yi, mun kuma sauya wurin haɗuwa tunda na farkon ya riga ya sanu. A rajista mun ƙara layi ɗaya: garin da iyalin yaro za su nufa in aka tashe su, da wanda za a tambaya a can. Yawancin iyaye sun faɗa mun rubuta. Wasu sun ce ba za su faɗa ba, don ba su san hannun da takardar za ta faɗa ba, mu kuma ba mu matsa musu ba.